Filin Jirgin Velana: Ƙofa Ɗaya a Tsakiyar Teku

Matafiyin da ya samu kujerar taga a jirgin da ke shirin sauka a Male, babban birnin Maldibs, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya ji taya ta taɓa kwalta. Ya duba hagu ruwa, ya duba dama ruwa, jirgi kuma sai ƙara yin ƙasa yake kamar zai sha daga tekun. Sai a daƙiƙar ƙarshe wani siririn tsibiri zai bayyana, wanda titin jirgin ya cinye kusan dukkan tsawonsa. Sunan tsibirin Hulhule, kuma a kansa filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa na Velana yake. Birnin Male yana can tsallake, a wani tsibirin dabam mai faɗin murabba'in kilomita 2 ko ƙasa da haka, benaye sun cika shi maƙil har bakin ruwa. Ba shi da filin da jirgi zai sauka, shi ya sa aka ari tsibirin maƙwabta.

Mu da muka tashi a ƙasar da ke da iyakoki na tudu, da wuya mu gane nauyin wannan fili. In aka rufe filin jirgin Kano, mota na nan, kuma akwai Kaduna da Abuja. Maldibs tsibirai ne kusan 1,200 warwatse a Tekun Indiya, sun miƙe daga arewa zuwa kudu tsawon fiye da kilomita 800, amma in ka haɗa ƙasarsu gaba ɗaya ba ta wuce murabba'in kilomita 300 ba. Ƙasa da 200 ne ake zaune a cikinsu. Mutanen ƙasar, har da baƙin ma'aikata, sun ɗan haura rabin miliyan. Babu titin mota da zai kai ka wata ƙasa. Baƙon da ke kawo dala, da majinyacin da za a kai asibiti a Indiya ko Siri Lanka, da ɗalibi, da maniyyaci, da ɗanyen kifin tuna da ake so ya isa kasuwar Turai kafin ya kwana biyu, kusan dukkansu ta Hulhule suke bi. Akwai wasu filayen, kamar na Gan a kudu da Hanimaadhoo a arewa, amma babu wanda ya kama ƙafar Velana. Saboda haka duk wata rigima a kan wanda zai gina filin nan, ko ya tafiyar da shi, ko ya karɓi kuɗinsa, a wurin mutanen Maldibs rigima ce a kan wanda zai riƙe mabuɗin gidansu.

Kafin mu shiga rigimar, yana da kyau a tuna cewa wannan ƙasa ba bare ba ce gare mu kamar yadda nisanta ke nunawa. Kalmar “kuɗi” da muke faɗa dare da rana jam'in “wuri” ce, kuma da yawa daga cikin wurin da kakanninmu suka ƙirga a kasuwar Kurmi daga tekun Maldibs aka tsamo shi. Jiragen ruwa ne suka yi ta jigilarsa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, fatake suka shigo da shi ƙasar Hausa. Ibn Baɗɗuɗa ya yi alƙalanci a Male a wajajen 1343, ya ga yadda ake tara wurin, daga baya kuma ya tarar ana ciniki da shi a Mali da Gawo. Akwai wata alaƙar ta kusa: Maumoon Abdul Gayoom, wanda ya mulki ƙasar daga 1978 zuwa 2008, bayan ya gama karatu a Azhar ya koyar da ilimin addinin Musulunci a Kwalejin Abdullahi Bayero da ke Kano daga 1969 zuwa 1971. Shi ne kuma ya buɗe filin jirgin a matsayin na ƙasa da ƙasa a watan Nuwamban 1981.

Asalin filin na Turawa ne. A 1960, lokacin ƙasar na ƙarƙashin kariyar Birtaniya, aka share daji a tsakiyar Hulhule aka shimfiɗa faifan ƙarfe masu huji-huji, jirgin farko ya sauka ranar 19 ga Oktoba. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne abin da ya biyo baya. A 1964 gwamnatin Firaminista Ibrahim Nasir ta ƙudurta kwashe ƙarfen ta zuba kwalta, alhali ba ta da kuɗin ɗauko kamfani. Sai aka yi gayya. Unguwanni huɗu na Male suka shiga gasa, mutane suna tsallakowa a kwalekwale suna aiki da hannu, an sa kyautar rufiya 1,000, kuɗin ƙasar, ga unguwar da ta fi sauri. Aka buɗe titin ranar 12 ga Afrilu 1966, watanni kaɗan bayan samun 'yancin kai a Yulin 1965. Wanda kakansa ya ɗauki dutse a ka don gina wannan titi ba zai kalle shi kamar sauran kadarorin gwamnati ba. Duk wanda ya manta da wannan ba zai fahimci zafin da aka ɗauka shekara arba'in da wani abu bayan nan ba.

Amma gayyar ba kowa ta yi wa daɗi ba. Mutanen Giraavaru, waɗanda ake ɗauka daga cikin mazauna tsibiran na farko-farko, an tashe su daga tsibirinsu a 1968 aka kawo su Hulhule, da filin jirgi ya buƙaci faɗaɗa kuma aka sake kwashe su zuwa Male. Tsibirinsu na asali yanzu wurin shaƙatawar baƙi ne.

Shi kansa sunan filin ya sha canji gwargwadon wanda ke kan mulki: Filin Hulhule, sannan Filin Male a 1981, sannan Filin Ibrahim Nasir a 2011, sannan Velana daga 1 ga Janairun 2017. Sunan na ƙarshe ma daga sunan gidan su Nasir aka ciro shi.

Ranar da aka fi ganin abin da titin nan yake nufi ita ce 3 ga Nuwamban 1988. Da asuba wasu sojojin haya kimanin 80 na wata ƙungiyar 'yan Tamil ta Siri Lanka mai suna PLOTE suka sauka Male ta ruwa, wani ɗan kasuwan Maldibs, Abdullah Luthufi, ne ya ɗauko su. Suka kama gidan rediyo da talabijin da wasu gine-ginen gwamnati, Shugaba Gayoom ya ɓuya yana neman agaji ta waya. Kuskurensu ɗaya: ba su tsallaka sun kama Hulhule ba. A daren ranar manyan jiragen sojan Indiya suka taso daga Agra, tafiyar fiye da kilomita 2,000, suka sauke sojojin laima a kan titin, sojojin suka shiga jiragen ruwa suka tsallaka birni. Kafin gari ya waye juyin mulkin ya wargaje, maharan sun tsere a wani jirgin dakon kaya da suka ƙwace, sojojin ruwan Indiya suka bi su suka kamo. Da a ce sun tare titin da 'yan motoci, Allah kaɗai Ya san yadda labarin zai ƙare. Tun daga ranar Indiya ta san darajar Hulhule, su ma 'yan Maldibs suka san cewa ƙofar da mai ceto ya shigo ta nan wani ma zai iya shigowa.

A ranakun lafiya, aikin filin shi ne rarraba baƙi. Yawon buɗe ido ya fara ne a 1972 da buɗe wurin shaƙatawa na Kurumba, a lokacin da ƙasar ba ta da komai sai kamun kifi. A 2019 baƙi miliyan 1.7 suka shigo, a 2024 suka haura miliyan 2, wato baƙi huɗu ga kowane mutum ɗaya da ke zaune a ƙasar. Tsarinsu shi ne tsibiri ɗaya, otal ɗaya. Baƙo yana fitowa daga zauren isowa zai tarar da jerin 'yan tebura, kowanne da sunan otal, ma'aikata riƙe da alluna. Taku kaɗan daga ƙofa sai ga bakin ruwa, jiragen ruwa masu gudu a jere kamar tasi a tasha. Wanda otal ɗinsa ke nesa kuma, bas za ta kai shi ɗaya gefen tsibirin, inda ƙananan jiragen sama masu sauka a kan ruwa suke ɗaure a jikin dandamali.

Waɗannan jiragen abin kallo ne. Ƙirar Twin Otter ce ta Kanada, mai farfela biyu, a maimakon taya an ɗaura musu wasu dogayen tulluna masu yawo a kan ruwa, kowanne na ɗaukar mutum 15 ko kusa da haka. Kamfanin Trans Maldivian Airways kaɗai yana da fiye da 50, babu mai yawansu a duniya. Matuƙan sukan yi aiki da gajeren wando, sau da yawa ba takalmi. Ma'aikacin jirgi shi ke kwance igiya, ya tura jirgin da ƙafa, ya yi tsalle ya shige. Ba sa tashi sai da rana, domin matuƙi da idonsa yake auna ruwa da duwatsun murjani. Wannan ƙa'ida ita ce ke juya agogon filin gaba ɗaya: manyan jirage daga Turai da ƙasashen Larabawa na rububin sauka da safe don fasinjojinsu su samu wucewa kafin magariba, sai cunkoso ya taru a 'yan sa'o'i, wanda ya makara kuma ya kwana a kusa. Shi ma wannan kamfani tun 2013 yake yawo a hannun manyan masu zuba jari na Amurka, irin su Blackstone da Bain Capital.

Akwai wani aikin da filin ke yi wanda ba a rubuta a allo ba. Maldibs ƙasar Musulmi ce tun ƙarni na 12, tsarin mulkinta ma ya shardanta Musulunci ga ɗan ƙasa. Jami'an kwastan a Velana suna karɓe giya da naman alade da gumakan bauta daga jakar matafiyi. Amma otal-otal na tsibiran da ba mazauna suna da lasisin sayar da giya. Na tsawon shekaru tsarin shi ne baƙo ya sauka, ya wuce tsibirinsa, ya dawo ya tashi ba tare da ya taka garin 'yan ƙasa ba. Sai a wajajen 2009 aka ba da damar buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da mutane ke zaune. Ana iya sukar tsarin ta fuskoki da dama, amma ya nuna dalilin da ya sa malamai da 'yan siyasa a can ba sa ɗaukar batun filin jirgi a matsayin lissafin riba kaɗai.

A 2010 gwamnatin Mohamed Nasheed, shugaban farko da aka zaɓa a zaɓen jam'iyyu da yawa, ta duba asusu ta ga ba ta da kuɗin gina sabon zauren fasinjoji, tsohon kuwa ya yi kaɗan. Sai ta yi gwanjon tafiyar da filin, sashen Bankin Duniya mai hulɗa da 'yan kasuwa ya sa ido a kan gwanjon. Kamfanin GMR na Indiya tare da hukumar filayen jiragen Malesiya suka ci, a kan za su riƙe filin shekara 25, su zuba jarin dala miliyan 511, mafi girma da ƙasar ta taɓa gani daga waje. A cikin yarjejeniyar akwai dala 25 da za a riƙa karɓa daga kowane fasinja mai tashi, kuɗin raya fili.

Wannan dala 25 ita ta rusa komai. A ƙarshen 2011 wata kotu a Male ta ce haraji ne, kuma ba a sa haraji sai da amincewar majalisa. Maimakon a koma majalisa ko a sake zama a kan yarjejeniyar, gwamnati ta amince kamfanin ya riƙa cire kuɗin daga kason da yake biyan ƙasa. Cikin 'yan watanni kason ya ƙare, har lissafi ya juya ya zama ƙasa ce ake bi bashi. Ka yi tunanin mai gida ya ba da hayar shagonsa, ƙarshen wata ɗan haya ya miƙo masa takardar biya. Masu adawa da yarjejeniyar ba su sha wahalar bayani ba. Nasheed ya sauka a Fabrairun 2012 cikin rikicin da shi ya kira juyin mulki, gwamnatin Mohamed Waheed kuma ta soke yarjejeniyar a ƙarshen Nuwamba, ta ba kamfanin kwana bakwai ya tattara. Aka yi murna a titunan Male. Kotun sasanci a Singafo kuwa ta yanke cewa yarjejeniyar halastacciya ce kuma an karya ta ba bisa ƙa'ida ba, a 2016 ƙasar ta biya diyyar kimanin dala miliyan 270. A raba wannan kuɗi ga 'yan ƙasar, kowane mutum, har jariri, ya biya ɗaruruwan daloli, ginin da aka fara kuma ya tsaya cak.

Ni a ganina kowane ɓangare yana da gaskiyarsa kuma yana da laifinsa, sai dai laifin ba ɗaya ba ne. Gwamnatin Nasheed ta yi gaggawa: ba a miƙa ƙofar ƙasa ta shekara 25 ba tare da an shawo kan majalisa ba, musamman in akwai sabon kuɗin da za a ɗora wa mutane. Amma waɗanda suka soke sun fi ta ɓarna, domin gyaran sakin layi ɗaya ake buƙata suka yaga takardar gaba ɗaya, kuma talakan da aka ce ana kare wa martaba shi ya biya.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni tunani. A Satumban 2014 Shugaba Xi Jinping ya ziyarci Male, karon farko da shugaban Sin ya taka ƙasar, gwamnatin Abdulla Yameen kuma ta ba kamfanin Beijing Urban Construction Group aikin sabon titi da rancen bankin Exim na Sin, kuɗin da ya doshi dala miliyan 400. Aikin yana da amfani na gaske. Tsohon titin ba shi da hanyar gefe, don haka jirgin da ya sauka sai ya juya ya dawo ta kan titin, na sama suna shawagi suna jira. Aka cike teku da yashi aka shimfiɗa sabo mai tsawon mita 3,400 da faɗin mita 60, wanda zai ɗauki A380, jirgin fasinja mafi girma, tsohon kuma ya koma hanyar gefe. An yi bikinsa a 2018 gab da zaɓe, amma bai fara cikakken aiki ba sai 2022. A ƙarshen Agustan 2018 aka buɗe gadar Sinamale, wadda ta haɗa Male da Hulhule, ita ma akasari da kyauta da rancen Sin. Tafiyar da a da sai an jira jirgin fito, ko teku ta yi fushi ko ta yi sanyi, yanzu ɗan acaɓa ma zai yi ta. Sabon zauren fasinjoji kuma kamfanin Binladin na Saudiyya aka ba a 2016, da rance daga asusun raya ƙasashe na Saudiyya da Kuwait da Abu Dhabi. Ya ci shekara tara, Shugaba Mohamed Muizzu ya buɗe shi a Yulin 2025, lokacin bikin cika shekara 60 da 'yancin kai. An tsara shi don fasinja miliyan 7.5 a shekara.

To, filin ya dawo hannun kamfanin gwamnati, tuta ta ƙasa ce, ma'aikata na ƙasa ne. Sai dai a tsarin farko kamfanin waje ne zai ciwo bashi, in baƙi suka ragu shi zai ji a jikinsa. A tsari na biyu ƙasa ce ta ci bashin, ko jirgi ya sauka ko bai sauka ba wa'adi na nan. Bashin gwamnatin Maldibs yanzu ya zarce duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara, kuma a 2024 kamfanonin auna ƙarfin biyan bashi, Fitch da Moody's, sun rage mata daraja. Ba filin jirgi kaɗai ya jawo haka ba, amma yana cikin manyan ayyukan da suka tara shi. Muizzu, wanda ya ci zaɓen 2023 da alkawarin fitar da sojojin Indiya da ke ƙasar, kuma ya fitar da su a Mayun 2024, bai rufa shekara ba sai ga shi a Delhi ana maganar tallafin kuɗi. Ina jin tsoron an gudu gara ne an faɗa gidan zago. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ƙasar da hanyar samunta ɗaya ce, kuma hanyar ta ratsa ta titi ɗaya, ba ta da inda za ta jingina in ya motsa.

An riga an ga misali. A ƙarshen Maris ɗin 2020 aka daina karɓar baƙi saboda annobar korona, tattalin arzikin ƙasar ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku a shekara guda, ɗaya daga cikin mafiya muni a duniya. Shi ya sa suka riga kusan kowa buɗewa, ranar 15 ga Yuli, suna dogaro da cewa kowane otal tsibiri ne keɓantacce. Dabarar ta yi aiki, baƙi suka dawo da wuri. Amma watanni uku da rabi na shiru a Hulhule sun isa su nuna wa kowa inda numfashin ƙasar yake.

Sannan ga teku. Titin Velana bai fi mita 2 a saman ruwa ba, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar bai kai mita 1 ba. A Afrilun 1987 manyan igiyoyin ruwa sun mamaye sassan Male da filin jirgin, abin da ya sa Gayoom ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar yana gargaɗi a kan hauhawar teku, tun kafin maganar ta zama ruwan dare. Ranar 26 ga Disamban 2004 igiyar tsunami ta haye titin, aka rufe filin na ɗan lokaci a daidai sa'ar da ake buƙatar jiragen agaji, asarar ƙasar kuma aka ƙiyasta ta haura kashi 60 cikin 100 na arzikinta na shekara. A 2009 Nasheed da ministocinsa sun yi zaman majalisa a ƙarƙashin ruwa sanye da kayan nutso don duniya ta waiwayo.

A nan akwai wani ƙulli da ba na jin adalci ne a zargi 'yan Maldibs a kansa. Kowane jirgin da ya taso daga Landan ko Mosko ko Shanghai yana ƙona man da ke ƙara ɗumama duniya, ɗumamar da ke kashe murjanin da tsibiran ke zaune a kai, take kuma ɗaga tekun. Amma kuɗin waɗannan baƙin ne ke sayen shinkafa da magani, shi ne kuma ke gina katangar da ke tare ruwan. Hayaƙin da ƙasar ke fitarwa da kanta bai taka kara ya karya ba a lissafin duniya. In suka rage jirage yau, baƙin za su juya zuwa wani tsibirin, tekun kuma ba za ta fasa tashi ba.

Amsar da suka zaɓa ita ce su ɗaga ƙasa. A arewacin filin, manne da shi, akwai Hulhumale, tsibirin da babu shi kafin 1997. Yashi aka yi ta zuƙowa daga ƙarƙashin teku ana zubawa har ya kai kimanin mita 2 a saman ruwa, mutanen farko suka tare a 2004, yanzu dubun dubata ne a dogayen benaye, da yawansu sun baro ƙananan tsibiran da zaizaya ke ci. Aikin cike tekun yana binne murjani, masu kare muhalli na ƙasar suna ta kuka a kai, gwamnatoci kuma ɗaya bayan ɗaya suna ci gaba. A nan da yawa daga cikin masu ɗaukar kaya da masu shara da direbobin filin suke kwana, 'yan ƙasa da 'yan Bangladesh. Bayan sallar asuba za ka ga babura a jere a kan titin da ya bi gefen katangar filin, teku na dukan duwatsu a ɗaya hannun, suna sauri su riga jirgin farko isa.